Hunturu a Nguru: Kasuwa, Fadama da Baƙin Tsuntsaye



Yawancin abin da aka rubuta na tarihin garuruwanmu labarin sarauta ne da yaƙi, watau wane ya gaji wane, ya shekara kaza bisa gado, ya ci gari kaza. Wannan ilmi ne mai amfani, ba mai musun haka. Amma yau ina so mu ɗauki gari guda, Nguru ta Jihar Yobe, mu dube ta cikin watannin hunturu kaɗai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mu ga abin da mutanenta ke yi a lokacin, da dabbobin da ke zaune tare da su, da kuma yadda al'amarin ya sauya. Abin da nake so in tabbatar shi ne, arzikin wannan yanki ya rataya ne ga zuwan ruwa da tafiyarsa, kowanne a kan lokacinsa. Masunci da manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, har da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, duk wannan lokaci suke bi, kuma rikicewarsa ita ce babban canjin da aka yi a ƙasar cikin shekaru hamsin da suka wuce.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Ruwan saman da Nguru ke samu kaɗan ne, wajen milimita 500 a shekara, wata shekara ma bai kai ba. Da a ce da shi kaɗai ta dogara, da ba ta wuce garin gero da wake ba. Amma kudu da ita akwai koguna biyu da ke kawo ruwan wata ƙasa. Kogin Haɗeja yana ɗauko ruwan ƙasar Kano, bayan Kogin Kano da na Calawa sun haɗu. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta ƙasar Bauci. Da sun wuce Haɗeja da Katagum sai su tarar da tsofaffin tuddan rairayi, waɗanda iska ta jera tun zamanin da hamada ta sauko har nan. Ruwa ba ya iya ratsa su kai tsaye, sai ya rarrabu rassa-rassa, ya malala cikin kwaruruka, ya mamaye fadamu, sa'an nan ya sake tattaruwa wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Ambaliyar takan fara cikin Yuli, ta cika cikin Agusta da Satumba, ta soma ja da baya bayan damina ta ɗauke. Saboda haka lokacin da jigawa ta bushe ƙurmus, lokacin ne fadama ke buɗewa.

Nguru tsohon suna ne a tarihin Barno. Tun wajen ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadima, wanda aka danƙa wa tsaron yammacin daula, watau iyakarta da ƙasar Hausa. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun raunana wannan sarauta ƙwarai, har Bature matafiyi Barth da ya bi ta ƙasar a 1851 a Bundi ya sami Galadima na zaune. Ba zan daɗe a kan wannan ba, domin Nguru da muka sani yau, mai kantuna da unguwannin baƙi, dogo ne ya haife ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka miƙa masa reshe ta Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, tafiyar wajen kilomita 230. A nan dogo ya tsaya. Har zuwa 1964, sa'ad da aka kai wani layin Maiduguri, Nguru ce ƙofar da kayan Lardin Barno da na kudancin ƙasar Nijar ke bi su kai bakin teku: gyaɗa, da ƙaro, da fatu da ƙiraga, da shanu, da busasshen nama. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Kwarori da Larabawa suka zo, Hausawa da Yarabawa da Ibo suka zauna tare da Mangawa da Badawa da Fulani, har Hausa ta zama harshen ciniki a garin da asalinsa na Barebari ne.

Abin lura a nan shi ne, wannan ciniki duk na rani ne. Sai an yi kaka ake buɗe cinikin gyaɗa, sai hanyoyi sun bushe raƙuma da jakuna ke iya ɗauko kaya, kuma ƙaro ma sai iskar hunturu ta busa itacen ke fitar da shi sosai. Ashe ke nan hunturu shi ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun talaka, ya biya haraji, ya yi aure, ya ɗinka riga.

To, yaya rayuwa take a wannan lokaci? Wanda bai taɓa kwana a bakin Tafkin Nguru cikin Janairu ba, ba zai yarda ana sanyi haka a ƙasar da ake kuka da zafinta ba. Da asuba hazo kan rufe ruwa, rana ta fito ja wur ba ta da ƙarfi, tsofaffi na jin ɗumi a ƙofar gida, yara sun yi furu-furu, ƙafa ta yi faso. Amma masunci ba ya jiran hantsi. Shi ya sani ruwan da ya bazu cikin damina, kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa, yanzu yana komawa gurabunsa, kifin kuma yana taruwa wuri guda. Sai a tare bakin magudana, a kafa tarko, a shiga da koma da taru, wani bisa kwalekwale, wani kwance bisa ƙatuwar gora. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, abin da ba a sayar ɗanye ba a yi banda, a cika kwali a kai kasuwa. Bikin kamun kifin da Badawa ke yi a Gogaram daga wannan al'ada ya samo asali. Akwai kuma kifin da ba ya bin ruwa in ya tafi, watau gaiwa. Ita takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafar shan iska, ta kwanta watanni har wata ambaliyar ta zo ta tashe ta.

Bayan masunci sai manomi. Shinkafar da ya shuka da ruwan farko, ta girma tare da ambaliya, yanzu ake yankanta. Ƙasar da ruwa ya bari kuwa tana riƙe da laima, ga sabuwar laka da kogi ya shimfiɗa mata, sai a bi ta da wake da sauran amfanin rani ba tare da an yi ban ruwa ba. Inda ruwa ke kusa a yi lambu, a sa albasa da tattasai da alkama. Bayan manomi sai Bafulatani, wanda ya yi damina can arewa, ya gangaro da shanu su ci karan da aka bari da ɗanyar ciyawar da ta tsiro a gurbin ruwa, su bar taki. Mata na yankan kaba suna saƙa tabarma, ana kawo kanwa daga ƙasar Manga, 'yan cin rani na ta kwararowa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, musamman ku ma'aikatan da ke riƙe da sha'anin filaye. Fili guda ne, amma cikin shekara yana da masu shi uku. In yana ƙarƙashin ruwa na masu su ne, da izinin mai iko da ruwan. In ruwa ya janye na mai gona ne. In an kwashe amfani na mai shanu ne. Ba wata takarda da ta rubuta wannan, janyewar ruwa ce ke gaya wa kowa lokacinsa ya yi. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 da taswirorin ofis sun saba da fili mai suna guda da amfani guda, ga shi kuwa fadama ba haka take ba. A ganina yawancin rigingimun manoma da makiyaya a wannan yanki sun tsananta ne tun sa'ad da waɗannan lokatai uku suka fara hawa kan juna.

Yanzu sai mu zo ga baƙin. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san shamuwa, ya san in ta sauka bisa itacen gari damina ta ƙarato. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda take tafiya. Kudancin Afirka take zuwa ta ci daminar can. To, sa'ad da ita ta yi kudu, sai waɗansu su sauko daga arewa su maye gurbinta. Ƙasashen Turai da Rasha kan daskare daga Nuwamba, tafkuna su zama ƙanƙara, ƙwari su ɓace, tsuntsun da abincinsa ke cikin ruwa dole ya tashi. Sai su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, kuma ruwa na farko da za su tarar bayan hamada shi ne na wurare kaɗan: Kogin Sanagal, da fadamun Kwara a ƙasar Mali, da Tafkin Cadi, da fadamun Haɗeja da Nguru. Cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi bisa ido, nauyinta bai kai rabin kilo ba, tana zuwa dubbai. Akwai wata mai dogon wutsiya kamar tsinke. Akwai wani mai dogayen ƙafafu da ke bin gonakin shinkafa yana tsintar abin da ya zube, wanda in ya koma arewa lokacin aure namijinsa kan yi geza a wuya, amma mu a nan ba mu taɓa ganinsa da ita ba. Akwai farar shamuwa mai jan baki da jajayen ƙafafu, wadda ke sheƙa bisa rufin gidaje a Turai. Duk waɗannan sukan sauka cikin 'yan gida, watau kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. A ƙidayar da aka yi cikin Janairun 1997 an sami tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a waɗannan fadamu.

Me ya kawo su nan? Abin da ya kawo masunci. Ruwa mai zurfi ba ya ciyar da irin waɗannan tsuntsaye. Abin da suke nema shi ne ruwa mai janyewa, wanda kowace safiya yake barin sabuwar laka mai tsutsa da ƙananan dodon koɗi, da 'ya'yan bado da na ciyawa. Da wannan suke tara kitsen da za su sake ƙetare hamada da shi cikin Maris.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba, har waɗansu malamansu na da suka ce wai tsattsewa cikin laka take kwana har sanyi ya wuce, kamar dai gaiwarmu. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da guntun mashi irin na Afirka soke a wuyanta, ta taho da shi duk wannan tafiya. An adana ta a Jami'ar Rostok. Daga 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, sauran ƙasashe suka ɗauka. Maharbin da ya kama agwagwa a fadama ya ga zobe da rubutun boko a ƙafarta, wannan ne asalinsa.

Akwai wani abu da ya faru wanda ya cancanci a sa shi cikin tarihinmu. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cika shingayensu kowace shekara, bai dawo ba sai kaɗan, ya ragu da wajen kashi biyu cikin uku. Da aka bi sawu sai aka gane ruwan sama ne ya gaza a 1968 a ƙasashenmu na bakin hamada, inda yake yin hunturu. Watau tsuntsu ya kai labarin fari Turai shekaru huɗu kafin duniya ta farga da yunwar 1972 zuwa 1974.

Wannan fari shi ne mafarin canjin. Shanu suka mutu, gero ya ƙi, mutane suka koma cin bado. Kafin a farfaɗo, a 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa a duk Arewa, cinikin da ya gina Nguru ya durƙushe. Kuɗin man fetur suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace wa jirgi kaya, ƙarshen dogo ya daina zama abin taƙama. Kasuwa ba ta mutu ba, sai dai ta ƙara jingina ga abin da fadama ke bayarwa, watau kifi da shinkafa da tattasai da dabbobi. Kuma daidai lokacin da ta fi bukatar fadama, a lokacin ne aka taɓa ruwan.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga bisa Kogin Kano, mai ɗaukar kusan mita biliyan 2 na ruwa in an auna da murabba'i mai zurfi. A 1992 aka gama ta Calawa. Su biyun suna riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja. Kada a ɗauka ina zargin waɗanda suka gina su. Mutanen da suka ga yunwar 1973 da idonsu, suka ga Kano na bunƙasa tana neman ruwan sha, suna da hujja. Manomin Kadawa da Kura da ke noma sau biyu a shekara shi ma ɗan ƙasa ne. Amma ba a sa mutanen ƙasan kogi cikin lissafi ba, domin a idon masu tsarawa ruwan da ya malala cikin fadama ɓarna ce. Ga abin da awo ya nuna: a 1969 da 1974 ambaliya ta rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A 1991 ba ta kai 1,000 ba. A 1993 wajen 400 ta rufe. Farin 1983 da 1984 yana da nasa laifin, amma ko a shekarun da aka yi ruwa ba ta koma yadda take ba. A farkon shekarun 1990 waɗansu masana, Barbier da Adams da Kimmage, suka lissafa abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da na aikin ban ruwa na Kogin Kano. Suka sami cewa in da yawan ruwan da aka kashe za a auna, amfanin fadama ya ninka na aikin gwamnati nesa ba kusa ba, alhali ba su sa kiwo da ruwan da ke tsuma ya cika rijiyoyi cikin lissafin ba.

Cikin wannan hali gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, farashinta ya tashi, injin ban ruwa ya yi araha saboda rangwame. Sai masu hali suka share bakin kogi, suka shuka alkama a wuraren da shanu ke bi su sha ruwa. Manomi ya zauna a fili har ƙarshen rani, Bafulatani ya iso a lokacin da ya saba ya tarar da shuka a burtali. Sauran labarin alƙalai sun fi ni saninsa.

Amma abin da ya fi ba da mamaki daga baya ya zo, kuma shi ne ya sa na ce lokacin ruwa ya fi yawansa muhimmanci. Da, Kogin Haɗeja kan ƙafe da rani. Bayan madatsai sai aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda masu ban ruwa, babbar ambaliyar da ke wanke magudanai kuwa ta ragu. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da ciyawar nan kacala ke so. Ta tsiro ta fi mutum tsawo, ta kama laka, ta toshe rassan kogi. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata ya bi reshen Marma ya nufi Tafkin Nguru. Aka wayi gari garuruwan da ke wannan gefe gonakinsu na cikin ruwa rani da damina, waɗanda ke kan tsohon reshe da Burum Gana kuwa suna kukan ƙishirwa. Kwalekwale ba ya ratsa kacala, taru ba ya shiga, saniya ba ta ƙoshi da ita in ta tsufa. Sauro ya sami gida. Jan baki, wanda ke iya cinye gonar shinkafa cikin yini guda, ya sami wurin kwana da ba mai iya kai masa. Baƙin tsuntsayen kuwa da ke neman buɗaɗɗiyar laka sun rasa wurare da yawa da suka saba sauka. Gauraka ma, ɗan gida, wanda dattawa suka sani garke-garke, yau da wuya a gan shi, ko da yake shi har da kamun da ake yi masa ana sayarwa.

Ba a zauna haka kawai ba. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, da taimakon ƙungiyoyin waje masu sha'awar tsuntsaye. Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci Tafkin Dagona a 1989, daga baya aka sa Dagona cikin Gandun Dajin Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. A 2000 Tafkin Nguru da reshen Marma, kadada 58,100, suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da shi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take karewa. Na san akwai masu cewa Bature ya damu da agwagwa, bai damu da mutum ba, kuma ba zan ce maganar ba ta da tushe ba. Sai dai gaskiya ita ce, masu ƙidayar tsuntsayen nan suna cikin waɗanda suka fara auna ambaliya shekara-shekara, kuma da alƙalumansu aka yi wa masunci da manomin fadama gardama a gaban hukuma. Mutanen ƙauyuka kuma sun sha fitowa gayya da lauje da adda suna share kacala, su buɗe magudana, bayan shekara biyu ta sake rufewa, domin abin da ke ciyar da ita yana can sama da Wudil.

Saura Kogin Jama'are. Shi har yanzu ba a yi masa babbar madatsa ba, yana cika da damina yana ja da rani kamar yadda ya saba, kuma yawancin ruwan da ke wuce Gashuwa nasa ne. Tun shekarun 1970 ake maganar tare shi a Kafin Zaki ta ƙasar Bauci, an fara aikin an tsaya, an sake tayar da maganar ba sau ɗaya ba. Mutanen Bauci suna da bukatarsu, na Yobe da Barno suna da tsoronsu. Cikin ɗaliban da ke zaune a wannan ɗaki akwai waɗanda wata rana fayil ɗin zai zo teburinsu. In ya zo, ban da tambayar ruwa nawa za a tara da kadada nawa za a noma, ina roƙo a tambayi injiniya wata guda: cikin wane wata za a saki ruwan, kuma cikin wane wata za a bar fadama ta bushe.